Rumfar Mai Taliya Ba Abin Rainawa Ba Ce

Akwai wani abinci da ya ci gari a ƙasar nan, watau taliyar nan ta leda da a ke kira Indomie. Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, har Kafur da Masari da Gozaki, da wuya ka ga teburin mai shayi wanda babu kwalinta a kai. Amma cikin masu cinta kaɗan ne suka san asalinta. A cikin asalin nan kuwa akwai darasi gare mu, musamman mu malaman makaranta da malaman ofis, waɗanda talakawa ke duban abin da mu ke yi su kwaikwaya.

Uwar wannan taliya tana ƙasar Japan, sunanta ramen. Su ma Japanawan aro suka yi daga wajen Sinawa. A shekarar 1910 aka buɗe wani ɗakin cin abinci mai suna Rairaiken a unguwar Asakusa ta birnin Tokiyo, aka ɗauko masu dafuwa Sinawa daga Yokohama, daga nan abin ya soma yaɗuwa. Garin alkama a ke kwaɓawa da ruwan wani gishiri ɗan'uwan kanwar da matanmu ke sa wa ɗan wake, shi ke sa taliyar ta yi danƙo, sa'an nan a tsoma ta cikin romo mai zafi. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 shinkafa ta yi musu ƙaranci, Amurka ta riƙa kai musu garin alkama, sai talakawa suka kakkafa 'yan rumfuna a bakin titi suna sayar wa leburori. A 1958 wani mutum mai suna Momofuku Ando ya gano dabarar soya taliyar ta bushe, a ƙunshe ta, mutum ya dafa abinsa cikin 'yan mintoci. Mutanen Indunusiya suka ɗauki dabarar, tasu ce ta iso mana, har aka kafa mata masana'anta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990.

To, ga abin lura. Mutanen da suka ƙago taliyar leda ba su yar da tsohuwar rumfa ba. Wanda ya shiga irin ɗakin nan na dā a Japan zai tarar da ɗan wuri ne ƙanƙane, da guntun labule a bakin ƙofa, da dogon teburi guda, kujerun sau da yawa ba su fi goma ba. Maigidan na tsaye a gabanka, tukunyarsa na tafasa, kana ganin hannunsa da duk abin da ya ke zubawa. Romon nan ya yi sa'o'i masu yawa a kan wuta, na ƙashin kaza ne, ko busasshen kifi, ko na alade, don haka Musulmi in ya je sai ya tambaya. Abinci iri ɗaya mutum zai shekara talatin yana yi, ya koya wa ɗansa ko yaronsa. Manyan ma'aikata kan bi layi a ƙofarsa ba su ga faɗuwar girma ba. Har gidan tarihi suka gina wa wannan abinci a Yokohama a 1994, suka sāke gina titunan Tokiyo na shekarar 1958 a cikinsa don jikoki su gani.

Mu ma muna da tamu. Taliyar Hausa daɗaɗɗiya ce, masana na danganta ta da Larabawan Tarabulus da Gadamas da suka zauna a Kano da Katsina, kamar gurasa da alkaki. Mace ta kwaɓa gari, ta murza da hannu, ita ce taliyar murji, ko ta juya ɗan injinta, ta shanya a igiya ta bushe, ta dafa, ta zuba manja ko man gyaɗa da yaji. Kusa da ita ga mai ɗan wake, ga mai dambu, ga mai waina, ga mai tuwon dawa da miyar kuka. Kowacce da hannunta, har matafiyi kan ƙi cin abinci a tasha guda don ya isa wajen wadda ya saba. Amma yau tsofaffin suna ƙarewa, 'ya'yansu kuwa suna jin kunyar gādon. Wa ya koya musu kunyar? Mu ne, masu albashi. Akawu ya gwammace a gan shi da cokali mai yatsu wajen mai shayi da a gan shi a kan benci wajen mai tuwo.

Na san abin da za a ce mini, kuma maganar tana da ƙarfi. Za a ce taliyar leda ta fi sauri, rumfunan namu kuwa ga ƙuda, ga ruwan wanke kwano guda tun safe har la'asar. Gaskiya ne. Amma in kwarya ta yi dauɗa wanke ta a ke yi, ba a fasa ta. Abin da ya riƙe ɗakin Bajapane shi ne tsabta da zama wuri guda, mai saye ya san inda zai sami mai dafawa, in an cuce shi ya san ƙofar da zai koma. Za a kuma ce ai taliyar Hausa ma da garin kanti a ke yi, alkamar kuwa yawancinta daga waje a ke sayowa. Wannan ma haka ne. Sai dai ladan murzawa da ribar suna tsayawa hannun matar Kafur, kuma dawa da masara da wake da gyaɗar sauran abincin duk daga gonakinmu su ke. Ƙasar da Allah Ya yi wa albarkar noma kamar tamu bai kamata kuɗin kalacinta ya riƙa fita waje kullum ba.

Akwai kuma abin da ya fi damun duk wanda aikinsa ilmi ne. Da yake yawancin masu wannan sana'a a cikin gida su ke dafawa, yarinya ce ke ɗaukar tiren talla. Duk malamin da ya taɓa kiran rajista ran kasuwa ya san kujerun da ke zama babu kowa. Mun daɗe muna yi wa iyaye faɗa a kan talla, amma faɗa ba ya biyan kuɗin cefane. Ran da abincin ya sami rumfa tsayayya, da babbar mace ko gwauruwa mai jiran ta, a ran nan yarinyar za ta sami damar zama a aji.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na fari, ƙananan hukumomi, waɗanda suka gāji En'e tun 1976, su ware wa masu abincin gargajiya rumfuna masu rufi da ruwa mai kyau a tasha da kasuwa, duba-gari kuwa ya zo musu da shawara kafin ya zo da tara. Na biyu, shugabannin makarantu da na kwalejojin horon malamai su gayyato tsohuwar da ta gwanance ta koya wa ɗalibai a darasin girki, a biya ta, a kira ta malama, don ta cancanta. Na uku ya rage gare mu. Mu je mu zauna a kan bencin nan, mu gai da Inna da ladabi, mu ci, mu biya, almajiranmu su gan mu. Abin da babba ya girmama, yaro ba ya raina shi.

Allah Ya sa mu gane, Ya yi wa sana'ar iyayenmu albarka, amin.