Ba Fanka Ce Ta Cinye Gwiwar Hajiya Ba

Kun dai ji mai jiƙon nan a rediyo ranar nan yana ta kurari, wai duk ciwon gaɓɓai sanyi ne, daga kwana ƙarƙashin fanka da wanka da ruwan randa, kuma kwalba ɗaya ta jiƙonsa za ta fitar da shi ta fitsari. Mai gabatarwa sai "ƙwarai kuwa, Malam" yake yi. Ai dole, an biya kuɗin fili.

Amosanin gaɓɓai iri-iri ne, kuma babu wanda fanka ke haifarwa. Mafi yawa shi ne zaizayewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, musamman a gwiwa da ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 528 ke fama da shi a 2019. Sanadinsa shekaru ne, da tsohon rauni, da ƙiba, wadda ba ma son a ambata. Duk kilo ɗaya da ya ƙaru a jiki, gwiwa tana ɗaukar kusan huɗu a kowane taku. Amma mu nan in mace ta cika kujera sai a ce hutu ya karɓe ta, maigida ya iya kiwo. Har a kemis ake sayo ƙwayar ƙiba don amarya ta yi kyau. Ran da Hajiya ta koma sallah a zaune, sai a ɗora wa na'urar sanyaya ɗaki laifi. Ka ce ta riƙa zagaya unguwa da ƙafa bayan la'asar, ta rage maiƙo, a ce ka raina ta.

Shi ma Alhaji ba a bar shi a baya ba. Balangu da kayan ciki kullum dare, a kora da lemon kwalba, har sinadarin yurik ya taru ya daskare a gaɓa. Babban yatsan ƙafa ya kumbura tsakar dare, ko zani bai iya taɓa shi, sai a ce ya taka sammu.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na garkuwar jiki, inda jiki ke yaƙar gaɓoɓinsa. Ya fi kama mata, yatsun hannu biyu su sandare da safe, kuma taba na ƙara haɗarinsa. Wannan in likita ya gan shi da wuri akwai magani irin su methotrexate da ke taka masa birki. In aka ɓata watanni ana shan jiƙo, yatsu su karkace, ba mai miƙe su kuma.

Za a ce ai da hunturu ciwon ke tashi. To, sai me? Tsohon targaɗe ma yana tashi. Za a ce an sha an ji sauƙi. Wanda aka zuba wa dexamethasone a jiƙo dole ya ji garau kwana biyu, kafin fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Haka haɗin kemis, diclofenac kan ibuprofen, ciki da ƙoda su biya bashi.

Na daɗe ina faɗa da gidajen rediyon nan. Su ne suka sayar da dare ga masu warkar da basir, da hawan jini, da rashin haihuwa da kwalba guda. Likitan ƙashi daga asibitin Dala in sun gayyato shi, ɗan guntun lokaci ake ba shi da rana tsaka, a katse shi da talla, kuma sau da yawa tallar ta mai jiƙon ce.