Wiwin Jiya da Aikin Gobe

Mu 'yan shekarar ƙarshe yanzu hirarmu ba ta wuce aiki: wane yana son soja, wane kwastam, wane yana jiran a buɗe ɗaukar 'yan sanda. Sai dai akwai tambayar da ake yi ƙasa-ƙasa, ba a son malam ya ji: wanda ya taɓa busa wiwi, shi ke nan ya rufe wa kansa ƙofar aikin tsaro?

Ƙasar da ta fi bayyana amsarta a rubuce ita ce Amurka, kuma ina ganin akwai abin koyo a ciki. A can, duk wanda aikinsa zai kai shi ga sirrin gwamnati sai an tantance shi. Zai cike wani fom mai suna SF-86, mai shafi sama da 100, a ciki har da tambayar ko ya sha haramtacciyar ƙwaya cikin shekara 7 da suka wuce. Wiwi na cikin lissafi. Jihohin Kolorado da Washinton sun halatta shan ta tun 2012, wasu jihohi suka bi sahu, amma tantancewar ta gwamnatin tarayya ce, ba ruwanta da dokar jiha. A watan Maris na 2021, fadar shugaban ƙasar ta tabbatar da cewa ma'aikatanta 5 sun rasa aiki bisa dalilan da suka haɗa da shan wiwi a baya.

A Disamban wannan shekarar, Avril Haines, wadda ke jagorantar hukumomin leƙen asirin ƙasar a lokacin, ta fitar da bayani cewa shan wiwi a baya abin dubawa ne, amma shi kaɗai bai isa ya yanke wa mutum hukunci ba. Za a duba sau nawa ya sha, yaushe rabonsa da ita, ya bar abokan shan ko yana tare da su, kuma ko zai sa hannu cewa ya daina, in ya koma a ƙwace izinin. Wanda kuwa ya yi ƙarya a fom ɗin, laifinsa na iya kai shi gidan yari har shekara 5.

Ka ga hikimar? Mai ɓoye abu yana da igiya a wuya. Duk wanda ya san asirinsa zai iya jan sa: ko ka ba mu takardar nan, ko mu tona ka. Wanda ya faɗa da bakinsa tun farko ya tsinke igiyar. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

A nan gida, binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Najeriya kusan miliyan 10.6 ne ke shan wiwi. Amsar da muka fi ji ita ce gwajin ƙwaya, wanda shugaban hukumar NDLEA, Buba Marwa, ya daɗe yana kira a yi wa ɗalibai da masu neman aiki. Ban ƙi gwaji ba. Amma gwajin fitsari ba ya hango abin da ya wuce 'yan makonni. Mai wayo zai ɗaga ƙafa wata biyu, ya ci gwajin, ya sa kaki, ya koma ruwa. Wanda ya daina tsakaninsa da Allah shekara uku baya kuma ba zai taɓa faɗa ba, don ya san ana ji za a ce ɗan wiwi ne. Tsarin da ke hukunta mai gaskiya, maƙaryata yake tarawa. Ya kamata hukumominmu su rubuta ƙa'ida a fili: shekara nawa da dainawa ake buƙata, kuma me zai samu wanda ya ɓoye.

Wani zai ce ai wannan ɗaure wa shaye-shaye gindi ne. Ko kusa. Doka ta hana wiwi, addini ya hana, kuma mun ga waɗanda ta raba da karatu. Magana ce ta wanda ya riga ya tuba: a bar masa hanya ko a tura shi ya koma?

Kai kuma abokina da har yanzu kake zagayawa bayan hostel da daddare, a tantancewa ba abin da ya kai tsawon lokacin dainawa daraja, kuma ba a sayen sa. Daga ranar da ka yar da ita ake fara ƙirga.