TAKOBI A FILIN WASA

Masu ba da tarihi sun ce wani maƙeri mai suna Kano shi ya taso daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama, har gari ya ci sunansa. Ashe Gaya da ƙarfe ba yau suka saba ba. Don haka muke so mu jawo hankalin mutanen Gaya da Ajingi zuwa ga wasan takobi irin na Olimfik.

Takobin siriri ne, ba kaifi. Mutum biyu kan rufe fuska da hular waya, su fuskanci juna a fili mai tsawon mita 14, wanda ya riga taɓa abokinsa sau 15 daga ƙugu zuwa sama shi ya ci.

Ku dubi Fares Ferjani na Tunisiya. An haife shi a 1997, ya je Olimfik a 2016, ya koma a 2021, bai samo lamba ba. Bai yi zuciya ba. A Faris, cikin 2024, ya kai karon ƙarshe, Oh Sang-uk na Koriya ta Kudu ya kada shi 15 da 11, ya dawo da lambar azurfa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Mata ma ba a bar su baya ba, gama Ibtihaj Muhammad ta Amurka da hijabinta ta yi wasan a 2016, ƙungiyarsu ta sami tagulla. A 2025 kuwa Legas ce ta ɗauki gasar Afirka.

To, ina namu? Muna ganin samari masu zafin nama suna sharar fage da makami a lungu, ƙarshensu asibiti ko kurkuku. Wannan ƙarfin da za a sa masa linzami, da suna zai jawo mana.

Wasu za su ce makarantar da ba benci ina ita ina takobi? Gaskiya ne, kayan suna da tsada. Amma ba mu ce a gina katafaren zaure ba. A fara da makaranta ɗaya a Gaya, ɗaya a Ajingi, da malami guda da Hukumar Wasanni ta Jihar Kano za ta tura ya koyo. Masarautar Gaya kuma ta sa baki, iyaye su yarda.

Allah ya sa a ji, amin.