Masu Cinikin Tsoro a Zango

'Yan'uwana cikin Almasihu, akwai wani ciniki da ya bunƙasa a zangunanmu na Ankara, daga Nima da Mamobi har nan Adabraka, wanda ba ya bukatar rumfa ko jari. Cinikin tsoro ke nan. Ni mai koyar da katikisma ne, karatuna bai wuce firamaren mishan ba, amma abin da idona ya gani ya isa in buɗe baki.

Wata Lahadi bayan sujada, wata mai sayar da koko ta tsayar da ni a ƙofar majami'a, ta ce, "Malam, barci ya ƙaurace mini." Tana cikin waɗanda suka tsira a daren 3 ga Yuni, 2015, sa'ad da ambaliya da gobara suka haɗu a gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum wajen 150 suka hallaka. Tun daga ranar, da hadari ya haɗo sai gabanta ya riƙa faɗuwa. Ta je wurin wani mai kiran kansa annabi. Bai tambaye ta abin da ta gani a daren nan ba. Ya rufe ido, ya ce surukarta ce ta kama kurwarta, ya sayar mata da kwalbar mai, ya ɗora mata azumin kwana bakwai. Da damuwa ɗaya ta shiga wurinsa, ta fito da uku: barci bai dawo ba, jari ya tafi, tsohuwar da ke goya mata yara kuwa ta zama abokiyar gaba.

To, me ya sāke a gidan nan? Tsohuwa tana nan yadda take, tuwonta ma haka. Tunani ɗaya aka shuka a zuciyar matar, gida duka ya juye mata. Dā in tsohuwa ta yi tari da dare, tausayi take ji. Yanzu in ta ji tarin, sai ta ce mayya ce za ta fita. Haka ɗan Adam yake. Abin da ya cika zuciyarsa, shi ne idonsa yake gani, har jikinsa ma ya amsa, gumi ya keto, ciki ya murɗa. Ku tuna da mutum 12 da Musa ya aika leƙen ƙasar Kan'ana, a Littafin Ƙidaya sura 13 da 14. Ƙasa ɗaya suka zaga kwana 40. Goma suka komo da labarin tsoro, Joshuwa da Kalibu suka komo da ƙarfin zuciya. Jama'a suka bi goman, sakamakonsu shekara 40 cikin jeji.

Na ce wa matar, "Ƙanwata, in kin tace gasara, me kike yi kafin ruwa ya washe?" Ta ce, "Ajiye ta nake yi ta kwanta." Na ce haka zuciya take. Allah ya halicce mu cikin kamanninsa, ya sa natsuwa da hankali a cikinmu tun fil azal. Wahala tana iya gurɓata su, amma ba ta kwashe su. Ranar da mutum ya farga cewa tunani baƙo ne, yana zuwa yana tafiya, kuma ba kowane tunani ne gaskiya ba, ranar gasararsa ta fara kwanciya. Mai cinikin tsoro kuwa muciya ke hannunsa, kullum yana motsawa, domin in ruwa ya washe kasuwarsa ta watse.

Wani zai ce, "Malam, kana musun Shaiɗan ne?" A'a. Amma ƙarya ce babban makaminsa, wanda ya sa 'ya ta tsani uwa a kan zato kuwa ya taya shi aiki, ko da sunan Yesu na bakinsa. Wanda ke ganin zargin maita wasa ne, ya tuna da Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, wadda aka yi wa dūka har ta mutu a Kafaba a watan Yuli na 2020. Zato ne ya fara a kan wani, ya ƙare a kabari.

Wani kuma zai ce, "Ashe talauci da ambaliya duk tunani ne?" Ko kusa. Kwatar Nima gaskiya ce, kuɗin haya gaskiya ne, ciwon ƙwaƙwalwa ma gaskiya ne kamar zazzaɓi. Sai dai mai natsuwa shi ke iya yashe kwata ya nemi magani. Mai firgici maye yake nema. Asibitin masu taɓin hankali na Ankara yana nan Adabraka tun 1906, ga na Ankaful da na Pantang. A 2012 Gana ta kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, a 2017 kuma hukumar da dokar ta kafa ta hana ɗaure marasa lafiya da mari. Abin kunya ne a ce sai gwamnati ce za ta koya wa masu sansanin addu'a cewa ba a ɗaure ɗan Adam a gindin itace kamar akuya.

Sa'ad da annabi Iliya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, mala'ika bai nuna masa wani maye ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci. Haka muka yi ƙoƙarin yi da ƙanwarmu. Matan zumunta suka zauna da ita ta faɗi abin da ta gani a daren gobara, ta yi kuka har ya ishe ta, muka yi addu'a, muka raka ta wurin likita. Hadari yana haɗowa har yau, gabanta yakan faɗi, amma ta san tsohon tunani ne ya leƙo, zai wuce. Ta kuma roƙi gafarar surukarta.

Saboda haka, dattawan ikkilisiya, kada ku ba mai cinikin tsoro bagadinku. Ku kuma 'yan'uwa, duk wanda kuka fito daga wurinsa kuna tsoron danginku fiye da yadda kuka shiga, kada ku sake taka ƙofarsa. Ubangiji ya ba mu salamarsa. Amin.