Wa Ke Da Alhakin Badalar Kano?

Duk ɗalibin da ke bin hanyar tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ya san Ƙofar Na'isa. Amma abin da muke wucewa a yau ba ita ce ƙofar da kakanninmu suka gina ba. A shekarar 2010 gwamnatin jiha ta sa aka rushe ta domin faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ginin siminti. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ta yi kuka, amma aikin gama ya riga ya gama.

Ba mu ce kada a faɗaɗa titi ba. Abin da ya dame mu shi ne, ranar da katafila ta iso, ba a sami wani jami'i a ƙaramar hukuma wanda aikinsa ne ya ce a dakata ba.

A dā ba haka abin yake ba. Tun daga Sarki Gijimasu, wanda ya aza harsashin ganuwa a ƙarni na 12, har zuwa Muhammadu Rumfa da ya faɗaɗa ta, ginin ƙasa bai taɓa tsayawa da ƙarfin kansa ba. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, wanda kan tsufa a bakin aikinsa, ya san inda ruwa ke ci, ya san inda ya tsage. Da damina ta ɗauke sai a yi gayya, a kwaɓa ƙasa, a sake yaɓe. Yau kuwa shugaban ƙaramar hukuma shekara uku gare shi, in ma ba kantoman riƙo ba ne. Kafin ya gane badala daga tsibin shara, an sauke shi. A tsakanin nan kuwa masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye ba sa hutu.

A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, muna kira ga Dala da Gwale da Birni, waɗanda ganuwa ta ratsa ƙasarsu, kowace ta ɗauki ma'aikaci na dindindin, wanda canjin jam'iyya ba zai taɓa shi ba, ya zauna da sarakunan ƙofa da magina, a ware masa kuɗin yaɓe duk kaka. Mu kuma a ba mu ranar gayya ɗaya a Ƙofar Ɗan Agundi, za mu zo da kwandunanmu.