Me ya sa tsofaffin motocin Amurka ke ƙara daraja a hanyar Gaya?

Duk wanda ke bin hanyar Wudil zuwa Gaya, ko ya ratsa Balan da ƙauyukan Ajingi ranar kasuwa, zai lura cewa yawancin motocin da ke jigilar mutane da kaya sun haura shekara 15. Da yawansu daga Amurka aka shigo da su, ko da sunan kamfanin na Japan ne. Tun 1982 ake ƙera Honda Accord a jihar Ohio, ita kuma Toyota Camry tun 1988 a Kentucky. A ɓangaren manyan motoci kuwa, tifofi da tankokin Mack sun daɗe suna cin kasuwa.

Dalili na farko shi ne kuɗi. A farkon 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa harkar 'yan Kwatano. A watan Yunin 2023 kuma aka saki naira, dala ta tashi daga kusan naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Da sabon shigowa ya gagari talaka, sai ta hannu ta yi tsada. Motar da a da ake shirin kai wa 'yan gwangwan, yau kadara ce.

Na biyu shi ne sauƙin gyara. Tsohon inji ba shi da tarin na'urorin kwamfuta, don haka bakaniken Gaya zai iya kwance shi ya mayar, a sayo kayan gyara a Ƙofar Ruwa. Bushewar yanayinmu ma tana rage tsatsa. Kuba ta nuna iyakar wannan juriya: Chevrolet da Ford na shekarun 1950 har yanzu suna haya a Havana, saboda takunkumin Amurka ya tilasta wa makanikai ƙirƙira.

Sai dai ba duk tsohuwa ce alheri ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, mota mai silinda shida ko takwas ta zama nauyi ga direban haya, shi kuma ya ɗora wa fasinja. Sannan wasu motocin da ake gwanjonsu a Amurka sun yi hatsari ko ambaliya ta shanye su, wasu kuma gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara ya ci ƙasansu. Fenti yana rufe wannan duka.

Don haka kafin ka biya, ka sa a duba tarihin motar da lambar shasi, ka leƙa ƙarƙashinta, ka lissafa man da za ta sha a wata. Ga manomin da zai kai gyaɗa ko awaki kasuwar Wudil ranar Juma'a, darajar mota ita ce ta je ta dawo, ribar kuma ba ta ƙare a gidan mai ba.