Wasiƙa Ga Masu Haɗa Injin Yankan Katako a Tambuwal da Kebbe

Iyayena da 'yan'uwana kafintoci da makera da masu walda.

Na san abin da ya sa da yawanku suka fara haɗa injin fasa gungume da hannunsu. Katakon da ake kawowa daga Kudu ya yi tsada tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribar kafinta. Ga darbejiya da turare a garuruwanmu daga Dogon Daji zuwa Kuchi, ga magina suna neman tu-bai-fo da falanki kullum. Wannan himma abin yabo ce, Allah ya sa albarka. Abin da ke damuna shi ne tambayar da kowa ke fara yi: injin doki nawa zan saya? Kafin ita akwai tambayoyi biyu: da wane gudu zarton zai riƙa juyawa, kuma me zai tsaya tsakaninsa da jikin mutum?

Bari dai mu taɓa maganar dokin. Ƙaramin injin ban-ruwa na 'yan fadama, mai doki biyar da rabi ko shida da rabi, zai ja zarton bel, wato siririn zarton nan da ke zagaya ƙafafu biyu, amma a kan ƙananan gumagumai kawai, kuma sannu a hankali. Mai son fasa gungumen da kaurinsa ya kai ƙafa biyu ya nemi doki goma sha uku, irin Honda GX390 da takwarorinsa, ko injin gas mai silinda ɗaya irin na masu niƙa. Itatuwanmu ba su da laushi. Kirya da marke suna dakushe haƙori da wuri, busasshen icce kuwa ya fi ɗanye wahalar da inji. Shi zarton faifai ya fi cin ƙarfi nesa ba kusa ba, don yana cire nama mai yawa a kowane wucewa. Zarton bel yana cin milimita biyu zuwa uku, injin sarƙa na hannu yana cin kusan takwas ko fiye. Ku lissafa wannan bambancin a yanka goma, za ku ga falanki biyu sun zama gari a ƙasa.

Inda aikin yake lalacewa shi ne wajen fuli. Injin fetur yana juyawa sau 3,600 a minti ɗaya, zarton bel kuwa yana son gudun mita 20 zuwa 28 a daƙiƙa. Idan ƙafafun zartonku inci 19 ne, juyi wajen dubu a minti suke bukata. Fuli mai inci 4 a bakin inji da mai inci 14 a jikin ƙafa za su ba ku wannan. In kuma injin gas ne mai juyi 2,200, sai fulin bakin inji ya koma wajen inci shida da rabi. Wanda ya ɗauki fulin da ya tsinta a shagon gwangwan ya ɗaura ba lissafi, ko dai zarton ya yi zafi ya tsinke, ko inji ya riƙa shaƙewa yana baƙin hayaƙi, sai ya ce doki ne ya yi kaɗan, ya je ya ƙaro babba, hatsarin ya ninku. Faifan zarto kuma akwai iyakar juyinsa rubuce a jikinsa. Ku duba, kada ku wuce ta. Faifan da ya tsage a jefar da shi, walda ba ta gyara shi.

Ku kashe lokaci a kan layin da keken zarto zai bi. A zuba kankare, a daidaita ƙarfen da ma'aunin ruwa, a sa boris masu kyau, a yi maƙalai da za su riƙe gungume kada ya mirgina a tsakiyar yanka. A rataya jarka tana ɗigo da ruwa a kan zarto, musamman a watannin bazara.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ku dubi gindin darbejiyar da ta yi shekaru a bakin kasuwa ko ƙofar gida. Mai shayi ya buga mata ƙusa ya rataya fitila, wani ya ɗaura waya ya yi shanya, icce ya girma ya haɗiye su, ba ka ganin komai sai ɗan baƙin tabo a ɓawo. Haƙorin zarto na haɗuwa da ƙusar nan sai ya karye ya fita kamar harsashi. Saboda haka a ɓare ɓawo, a wanke yashi, a bincika kowane gungumen cikin gari, kuma kada kowa ya tsaya daidai saitin zarto. Murfin ƙarfe a kan ƙafafu biyun da bel da fuli wajibi ne, a gama shi kafin ranar gwaji ta farko. Cewa "za mu sa daga baya" ita ce ke raba mutum da yatsunsa. Mai zarton faifai ya kafa ƙarfe a bayan faifan wanda zai hana katako matse shi ya dawo wa mai turawa a ƙirji, ya kuma riƙa turawa da sanda idan an zo ƙarshe. Makashin inji ya kasance inda hannu zai kai shi ba tare da an tsallaka zarto ba, kuma kowane yaron shago ya san shi.

Kaftani da babbar riga da rawani kayan mutunci ne, amma a tuɓe su a rataye kafin a tayar da inji, domin bel ba ya sakin abin da ya kama. A sa tabarau da takalmi rufaffe da abin toshe kunne, a rufe hanci saboda ƙurar maɗaci. Mai tayar da injin gas da hannu kada ya naɗe babban yatsa a kan handul. Kada a kunna inji a rufaffen ɗaki, kada a zuba fetur yana da zafi, a kwashe garin katako kowace yamma, balle lokacin hunturu. Wanda ya sha ƙwaya don ya ƙara ƙarfi, maigida ya sallame shi ranar. Yara masu zuwa ɗibar garin katako su jira sai an kashe inji. Ku tuna daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kusan kilomita ɗari ne, na Kebbe ya fi haka. Ku ajiye bandeji mai tsabta, ku koyi danne jini, ku yi allurar rigakafin tetanus.

Sai maganar iccen kansa. Madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tun 2017, bayan an kwashe ta da yawa zuwa Chaina, jiharmu ta Sakkwato kuma tana cikin jihohi goma sha ɗaya na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa saboda hamada. Ku nemi takardar izini wurin malaman daji, ku bar ɗorawa da kaɗanya masu ciyar da gidaje, ku dasa a madadin abin da kuka sare.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinku na Tambuwal da Kebbe su kafa doka a tsakaninku: duk injin da ba shi da murfi da makashi kusa da hannu, kada a bari ya tashi.